Bencin Malam da Ƙarfen Bahijja

Ɗalibai da yawa a unguwar Gidan Dare sun san Bahijja 'yar Malam Jinaidu, don ita ke buga musu takardunsu a laftof. A ɗakin karatun marigayi mahaifinta take aiki. Shekara tara tana zaune a tabarma, laftof a ƙasa, ta duƙa a kansa kamar mai tsintar shinkafa. Ni Sadiyatu, ƙawarta tun firamare, na yi mata faɗa har bakina ya gaji. Bahijja akwai taurin kai, wallahi. Sai ta yi miki murmushi ta ci gaba da abinta.

Bara aka gano gara ta shiga littafin da Malam ya rubuta da hannunsa, tarihin malaman gidansu. Shi kaɗai ne, babu wani kwafi. Bahijja ta ajiye aikin kowa ta hau kwafe shi a laftof kafin takardun su gama marmashewa. Tana tsakiyar aikin wuyanta ya riƙe, hannun dama ya fara mutuwa. Likita ya gaya mata ƙiri-ƙiri: in ta ci gaba da duƙawa, za ta rasa hannun.

Raina ya ɓaci. Na shiga kasuwa na sayo mata ƙarfen nan na ɗora laftof, wanda ake ɗagawa a sauke a ɗaure noti, haɗe da ƙaramin kibod da za ta aza a cinya. Muka ɗaga shi daidai idonta. Ta miƙe wuya ta ce, "Kai, Sadiya, ashe haka mutane ke jin daɗi!"

Muka fita sallar azahar. Da muka dawo, ƙarfen ya sauka.

Na ce notin ne bai kama ba. Na sake ɗagawa, na ɗaure shi da filaya har tafina ya yi ja. Muka zauna a tsakar gida muna kallon ƙofar ɗakin. Rana tsaka, ko kaza ba ta gifta ba, ba mu ji ko ƙaras ba. Da muka leƙa, ya sake sauka, notin kuma yana nan tam yadda na bar shi. Ɗakin sai ƙamshin tawada sabuwar dafawa, alhali tun rasuwar Malam ba a dafa tawada a gidan ba. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba.

Inna Kaltume, mahaifiyar Bahijja, idonta ya daɗe da tafiya. Daga inda take zaune ta ce, "Ɗiyan nan, mi kuka aza bisa littattafan Malam?"

Sai a lokacin muka lura. Littattafan Malam a kan wani ɗan benci suke, tsayinsa bai wuce gwiwa ba. A gidan nan ba a ɗora komai ya fi su tsayi, ko fitila. Shi ya sa kowa a ƙasa yake zama. Mu kuwa mun ɗaga laftof ya haye su. Duk saukar da ƙarfen ya yi, sai ya tsaya yatsa biyu ƙasa da bencin.

Na ce, "To Inna, a mai da littattafan bisa kabad mana!"

Ta ce, "Inda ya aje su da hannunshi, nan za su zauna."

Na juya kan Bahijja na ce ta kwaso takardun ta dawo gidana. Ta ce ko ɗaga su aka yi zubewa suke, ba za su kai ƙofar gida ba. Shafi arba'in da uku suka rage. Na ce, "Haba Bahijja, hannunki fa!" Ta ce, "Hannu biyu gare ni, Sadiya. Littafin guda ne."

Ta koma duƙawa. Na yi fushi na ɗauke ƙafa kwana goma, na kasa daurewa na dawo. Na tarar da hannun dama a kwance kan cinyarta, tana bugawa da na hagu, harafi ɗaya-ɗaya.

Ranar wata Alhamis da hantsi ta buga layin ƙarshe. Ta ce in kama ta mu je ta gaya wa Inna. Ba mu yi minti biyar a waje ba.

Da muka dawo, ƙarfen ya tashi. Yana tsaye daidai idon mai zama a tabarma, laftof a kai, sama da bencin, shafin farko na littafin Malam a buɗe. Bahijja ta durƙusa ta fashe da kuka. Na leƙa na gaya wa Inna abin da muka tarar, ta saurara, sannan ta ce a hankali, "Awo. Yanzu ai karatun Malam na cikin laftof ɗin."

Har yau ƙarfen bai ƙara sauka ba. Bahijja na aiki wuyanta a miƙe, ɗalibai sun dawo. Amma in na kai mata shayi, a hannun hagu nake miƙa mata kofin.