Ranar da Amaryata Ta Yi Magana a Faskari

Akwai abin da ba zai fita raina ba har in koma ga Allah. Amma kafin in faɗe shi, ku sani cewa a duk Ƙanƙara babu bakin da ya kai nawa. In na zauna a majalisa, ko mai ciwon haƙori sai ya tanka. Na taɓa ba mai shayi labari har ya manta ya shanye shayin da ya haɗa mani.

Sai Allah ya ba babban ɗana 'ya mace, wato amaryata, kamar yadda kowane kaka ke kiran jikarsa. Ta shekara uku ba ta ce uffan ba, sai murmushi da nuni da hannu. Aka yi ta zarya asibiti har Katsina, daga ƙarshe likitoci suka ce wata lalura ce ta ƙwayoyin halitta da ba kasafai ake samun ta ba, kuma maganarta za ta yi jinkiri, in ma za ta zo. Wata ma'aikaciya mai koya wa yara magana ta ce a riƙa nuna mata abu, a faɗi sunansa, sannan a jira ta. Da aka kawo mani wannan bayani na ce a bar mani aikin, wata guda ma ya yi yawa.

Na duƙufa. Daga hantsi har azahar ina zuba: waƙa, tatsuniya, kukan jaki, kukan akuya. In ta kalli kofi, kafin ta ɗaga yatsa na ba ta ruwa, na haɗa mata da tarihin rijiyar. Wata takwas, shiru. Ina ganin uwarta tana share hawaye a ɓoye.

Da kakar masara uwar ta tafi da ita ganin gida Faskari, wurin ɗaya kakan, abokin takarata a wajen amarya. Mutum ne da ba ya cika kalma ashirin a yini. Ranar ɗaurin auren 'ya'yanmu ma "madalla" kawai na ji ya ce. Mako shida da tafiyarsu ɗana ya shigo da sauri, wai yarinya ta yi magana. Bakina ya ce alhamdulillahi, ƙirjina kuwa kamar an zuba garwashi. Na tambaya a gaban wa. Aka ce a gaban Malam, wato ɗaya kakan.

Da safe na hau mota. Kafin mu isa na gama yanke hukunci cewa rubutu ya karɓo mata a garin Sabuwa ya ɓoye mani.

Na tarar da su a zaure. Ya riƙe gasasshiyar masara kusa da bakinsa, ya ce "masara" sau ɗaya, ya yi shiru. Na buɗe baki zan taimaka, ya ɗaga mani hannu. Shirun nan da zan iya zuwa garin Mairuwa in dawo bai ƙare ba. Can sai na ga leɓɓanta suna motsi, tana kokawa da su, har ta ce, "Ba... ni."

Hawaye suka zubo mani, rabi na murna, rabi na kishi tsantsa. Na durƙusa na ce, "Amarya, ni fa? Ce Kaka. Ce Kaka mana!" Na faɗa ya fi sau goma. Ta cusa fuskarta cikin rigarsa.

Yanzu shekararta bakwai, kalmominta ba su da yawa, amma kowace da guminta ta same ta. Na koyi cewa yaro irinta ba yawan surutu yake buƙata ba, wanda zai jira shi yake buƙata. Ba da daɗi na koya ba kuwa, don a ranar sai da na ja Malam gefe na ce don Allah ya gaya mani wane malami ya ba shi taimako.

Sai ya ce, "Alhaji, ba wani taimako. Yarinyar nan ta daɗe tana jira ka numfasa ta sa baki."