Malama Laraba da Kwalaben Lemo Biyu

Duk safiya Malama Laraba takan sauka daga bas a bakin kasuwar Malali, ta bi ta ƙofar gidanmu zuwa firamare. A jakarta ba ka rasa igiya, ko gwangwani, ko tsohuwar kwalba. Mukan tsokane ta, "Malama, makaranta za ki ko bola?" Sai ta ce, "Yaranku za su gaya muku da yamma."

Aji huɗu na yi aka cire ni, amma na san karatun da ya shigo gida. Safara'u 'yata ce ta fari, ban taɓa kiran sunanta ba sai yau da na rubuta shi. Tana ajin Malama ta dawo wata rana tana neman kwalaben lemo. Wai takardar asibiti ta ce a haɗa ruwan gishiri da sukari a kwalbar giya, Malama kuwa ta san ba a ajiye irinta a gidajenmu. Ta kawo tata, ta sa yara suka yi ta aune-aune har suka gano lemo biyu ne ke cika ta. Lissafin ranar ke nan. Washegari ta kai su bakin rijiya, suka duba nisanta da masai. Daga nan ta sa kowa ya rubuta awon da Hausa, ya je ya karanta wa uwarsa.

Na ce wa yarinyar, "Wannan ai girki ne."

Ta ce, "Inna, Malama ta ce ciwo ba ya tambayar wane darasi ake yi."

Daminar da amai da gudawa suka shigo unguwa, Husaini ƙanenta ne ya fara kwanciya. Ni na rikice. Ita ta tafasa ruwa, ta auna, ta riƙa ɗura masa da cokali har ya buɗe ido. Maƙwabta suka ji, aka yi ta aikowa a ara musu ita. Daga gidan maƙwabciyarmu Turai ta dawo da ciwon. Nata bai tsaya ba, komai aka ba ta sai ya dawo, har Allah ya karɓi abinsa.

Malama, ke ce kika zauna a gefen tabarmata kika ce, "Maman Husaini, na koya mata awo, ban koya mata ta kula da kanta ba."  Ga amsata yau: yaran da ke tsere a layinmu yanzu, da yawansu ke kika tashe su. Uwar aji, mai kai allo bakin rijiya.

Ƙarshen zangon nan Malama za ta ajiye aiki ta koma garinsu. Husaini yana ajin wani malami. Yakan dawo da littafi cike da rubutu, in na tambaye shi amfaninsa ya ce na jarrabawa ne. Ban ga laifin malamin ba, yara sun yi masa yawa. Amma ban ga mai ɗaukar jakar Malama ba, damina kuma ba ta daina zuwa.

Na gode, Malama. Allah ya saka miki, ya ba ki lafiyar hutawa. Ku malaman da kuka rage, ku tambayi yara abin da ke gidajensu kafin ku ɗauki alli. Kwalaben nan biyu suna ɗakina. In akwai mai so ya koyar da su, ya aiko Husaini ya karɓa.