Gidaje Uku da Ban Kai wa Ruwa Ba

Ranar Asabar ta ƙarshe kafin azumi, shekarar da nake aji huɗu, aka yashe rijiyar Tungar Maiguga. Bazara ce, irin wadda ƙasa ke gasa tafin ƙafa tun da hantsi. Maza huɗu kacal suka amsa gayya, alhali Inna, kakata, furar mutum ashirin ta dama. Ɗaya ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, sauran suna jawo guga cike da baƙar laka da fasassun tuluna. Kakana, wanda muke kira Tsoho, yana zaune kan turmin da aka kife, sanda tsakanin gwiwoyinsa. Idanunsa sun yi yana, ba ya gane mutum sai ya yi magana, amma umarni fa nasa ne, sai ka ce shi ke cikin rijiyar.

Tungarmu tafiyar ƙafa ce daga Jandutsi. Kakan Tsoho ne ya sare dajin ya haƙa rijiyar, shi ya sa aka laƙaba masa Maiguga, kuma duk wanda ya zo bayansa a nan ya fara shan ruwa kafin ya kafa bukka. Daga nan al'adar ta taso. Duk shekara in an yashe rijiya, ruwa ya kwanta ya yi garau, sai yarinya daga zuri'ar Maiguga ta ɗauki tulun farko ta bi gida gida bisa jerin yadda aka zauna garin, ta zuba ludayi ɗaya a randar kowane gida tana ambaton sunan wanda ya kafa shi. Mu ba mu da littafin tarihi, wannan zagayen shi ne tarihinmu. Gida goma sha bakwai ne, amma a shekarar da nake magana, biyar kaɗai ake hura wuta a cikinsu. Sauran sun watse, wasu bakin titi, wasu Aliero wajen cinikin albasa, wasu Jega. Tsoho bai yarda an tsallake kango ko ɗaya ba. In babu randa, a zuba a ƙofar zaure. "Gidan da anka kai ma ruwa bai hita gari ba," in ji shi, "masu shi na dawowa." Inna kuwa sai ta karkatar da kai ta ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi," amma a hankali, don kada ya ji.

Ni riƙo aka ba Inna tun daga yaye, iyayena suna Jega, inda babana ke jan babbar mota. Da na yi wayo na tarar da sa'o'ina biyu a tungar, kafin in kai aji uku su ma an kwashe su. Ni kaɗai nake tafiya makaranta, littafina cikin leda, ina magana da kaina a hanya. In na dawo in yi surfe, in share gindin rudun da muke ajiyar albasa, in taya Inna daka lawashi muna dunƙula gabu har hannuna ya yi kwana uku yana wari. Da damina ni ce mai korar tsuntsaye a gonar gero, ina kaɗa gwangwani ina ihu, ba mai amsa mini sai kurciya. Carafke ma ni da kaina nake yi, hannun dama da na hagu, kuma wallahi har zamba nake yi wa na hagun. Dandalin da Inna ta ce an sha gaɗa a cikinsa har ƙasa ta lotsa, tumfafiya ce ta cinye shi. Kewa ta dame ni ƙwarai, kuma na riƙe waɗanda suka tafi a zuciya.

Da la'asar sakaliya ruwan ya kwanta. Inna ta naɗa mini gammo, ta aza mini tulu, ta ba ni ludayi. Tsoho ya sa na maimaita masa jerin sunayen sau biyu, ya ce, "To Amarya, a tahi," domin da sunan nan yake tsokanata. Gidajen da ke da mutane ba wuya, har da mai ba ni ƙuli. Sai na shiga kangaye. In tsaya a ƙofar zauren da rufinsa ya rufta, in kira sunan mutumin da ban taɓa gani ba, in zuba ruwa, ƙasa ta shanye kafin in ɗaga ƙafa. Ƙadangaru kaɗai ke kallona. Haka na yi har gida goma sha huɗu. Saura uku, na maƙera da na marina da na Rundawa, wato mahauta. Su ne suka zo ƙarshe, don haka gidajensu na can ƙetaren fadama. Na tsaya gindin wani gawo na hango su, wuyana ya ƙage, ƙaya ta soke ni a diddige. Raina ya ɓaci. Na ce su da suka tafi suka bar mu, ko gayyar yau ba su zo ba, ni ce baiwarsu? Na sauke tulun, na sha na ƙoshi, na wanke ƙafafuna da sauran. Har zama na yi na ɗan jima, don kada a ce na yi saurin dawowa.

Tsoho na nan inda na bar shi. Ya ji motsina ya ce, "Amarya, kin kai ma kowa?" Na ce na kai. "Har gidan Rundawa?" Na ce har can. Ya lalubo kaina ya dafa. "Allah shi yi miki albarka. Bana ma gari na nan cike." Inna ta dubi ƙafafuna da suka yi fes, ta dube ni. Na ce a raina baɗi zan fara rama musu, ludayi bibbiyu ma. Yaro man kaza! Bayan an yanke gero Tsoho ya kwanta, kwana shida Allah ya karɓi abinsa. Babana ya zo da mota ya kwashe mu, ni da Inna da turmi da akuya. Ba a sake yashe rijiyar ba. Zagayen da na yi shi ne na ƙarshe a tarihin Tungar Maiguga, kuma ni ce na bar shi da giɓi.

Yau wurin gonar albasa ce shimfiɗe, injin ban ruwa na ta ƙugi, an rufe bakin rijiyar da itace don kada dabba ta faɗa. A gidana famfo nake murɗawa, 'ya'yana ba su san nauyin tulu ba, kuma ba na yi musu fatan su sani. Amma har yanzu ina iya jero sunayen nan goma sha bakwai ba tuntuɓe, ba ni da wanda zan jero wa. Bara a kasuwar Jega aka nuna mini wani mahauci, aka ce jikan gidan Rundawan tungarmu ne. Na sayi nama, na tsaya ina ta kame-kame, sannan na daure na gaya masa abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, na ce ya yafe mini ruwan gidansu. Ya saurare ni da ladabi, wuƙa a hannu. "Hajiya, wane ruwa? Mu nan Jega anka haihe mu. Tungar wa kinka ce?" Ya yi dariya, ya ƙara mini gyara, ya juya wajen mai saye na gaba.

Na je neman gafara, na tarar ba sauran wanda ya san an yi masa laifi.