Ranar da Janareta Ya Yi Shiru

Ofishin da na yi aiki a Jimeta tsohon bene ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Teburina yana ƙasa, a ɗakin ajiyar fayil, jikin wata babbar taga mai kallon titi. Ta nan nake tsayar da masu mangwaro, ta nan kuma iskar kogi ke shigo mini da la'asar. Na fi son tagar nan a kan albashina, ko da yake albashin ba wani abin so ba ne.

A shekarun tashin hankali, lokacin da mutanen arewacin jiharmu suka kwararo Yola da kaya a ka, bam kuma ya fara tashi a cikin gari, sai aka kawo bulo da siminti aka toshe duk tagogin da ke fuskantar titi. Ba wanda ya ce uffan, domin kowa ta ransa yake yi. Amma ɗakinmu ya koma rami. Duhu da rana tsaka, ga zafin Yola wanda ba ya jin bari. Dole fitila da fanka su wuni a kunne, wutar lantarki kuwa sai ta ga dama. Aka girke wani tsohon janareta a bayan bangonmu, yana ruri yana tari daga safe har a tashi.

Abokiyar zamana a ɗakin Kirista ce daga kudancin jiha, a Damilu take zaune. Ina ce mata Madam, tana ce mini Adda. Janaretan nan ne ya koya mana ihu. Ko biro zan ara sai na ɗaga murya kamar mai kiran yaro daga ƙetaren titi. Idan na koma gida maigidana yakan ce, "Ke, ni fa ba kurma ba ne." Amma abin yana da ranarsa: a cikin ƙarar nan muna iya cin naman kowa a ofishin, ba wanda zai ji.

Bayan ƙura ta lafa da shekaru, aka zo gyaran ginin. Aka shafa wa kwanon rufi farin fenti don ya rage ɗaukar zafi, aka jera farantan sola a kai, aka kafa tankin tara ruwan sama, aka dasa dogon yaro a tsakar gida. Injiniyar da ke kula da aikin ta ce a fasa bulon tagogin, haske da iska su shigo kyauta. Na yi murna har na kusa rangaɗa guɗa, domin saura shekara guda in yi ritaya, kuma ba abin da nake so irin in sake zama a bakin tagata kafin in tafi.

Sai shugabanmu ya ce a'a. Mutumin kirki ne, amma yana cikin kasuwa ranar da bam ya tashi a can, ya ga abin da ya gani. Tun daga nan ko a wajen taro ba ya zama ya ba titi baya. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, haushin dai ya ɗan fi yawa.

A ƙarshen wani mako aka haɗa solar aka kashe janareta. Litinin muka shigo, ga fitila a kunne, ga fanka tana juyawa. Kunnuwanmu ba su lura da komai ba, bakinmu kuwa ya kama aikinsa yadda ya saba.

Madam ta kwarara murya ta ce, "Adda, wai da gaske Oga ya hana taga ɗin nan?"

Na ce, da iyakar ƙarfina, "Ya hana! Gari ya zauna lafiya, shi har yau yana cikin kasuwar nan bai fito ba. Zan yi ritaya a cikin kabari!"

"Allah sarki, tsoro ne yana damun shi!"

Sai muka ji dariya daga ɗakin akawu, wata kuma daga can sama. A lokacin ne na ji kukan tsuntsu a waje, abin da na yi shekaru ban ji ba a ɗakin nan. Madam ta rufe baki da fayil.

Ba a jima ba shugaba ya shigo. Na miƙe, na rasa inda zan sa kaina.

"Hajiya," in ji shi, "tun daga ofishina nake jin ku, ko kalma ɗaya ba ta ɓace mini ba."

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, mun ɗauka janareta..."

"Janareta ya yi ritaya kafin ke." Ya jawo kujera ya zauna, ya daɗe yana kallon bulon. Sannan ya ce a hankali, "Gaskiya kuka faɗa. Tsoro nake ji. Kowa ya sani, ba wanda ya taɓa faɗa mini." Ya share gumi, ya ce, "A fara da taki, in gani."

Washegari magina suka zo, ni aka miƙa wa guduma in yi dukan farko. Bulo ɗaya ya faɗa waje, haske ya faɗo kan teburina, ƙurar shekaru ta bayyana a kan fayilolin da nake rantsuwa ina gogewa. Madam ta kama waƙar coci tana rawa, ni kuwa na saki guɗar da na daɗe ina riƙewa, ina hawaye ina dariya. Kafin damina ta wuce an buɗe sauran tagogin, da rana ba mai kunna fitila.

Shugaba ya riƙa saukowa da la'asar, wai duba fayil. Da farko daga bakin ƙofa yake tsayawa. Ranar da na zo yin sallama, na tarar da shi a kujerata yana shan mangwaro, iska tana kaɗa masa riga, ya ba titi baya.