Shuɗin Cokalin Inna Mai Kitso

Shekara talatin da ɗoriya Inna Mai Kitso ta yi tana zama a kan kujera ɗaya a barandar gidanta, har ƙafafun kujerar suka haƙa wa kansu ramuka huɗu a siminti. Kayan aikinta ba su da yawa: kibiya, mataji, gwangwanin man kitso, da tabarmar da masu jiran layi ke zama. Hannunta yana da zafi, amma kitsonta yakan yi wata guda bai tsufa ba, don haka mata ke cije leɓe su dawo. Bakinta kuwa ya fi hannun zafi. In ta matse kan mace tsakanin gwiwoyinta, to sai ta gama jin ra'ayin Inna a kan duk 'ya'yan layin kafin a sake ta.

Ba ta raga wa kowa, musamman in aka ce ɗan wance ya fara shaye-shaye. Takan tsaga gashi da kibiya ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Ku bar yaron, ku binciki uwar." Tana da bakin faɗin haka, a ganinta, domin ita ta raini 'ya ɗaya tilo ita kaɗai, kuma 'yar ta zama abin misali. Tun tana jaririya maƙwabta suka laƙaba mata 'Yar Shiru, saboda ba a taɓa jin kukanta ba. In aka tambayi Inna sirrin, sai ta ce, "Halinta ne, haka Allah ya ba ni ita."

Ba halinta ba ne. Yarinyar tana wata biyar uban ya rasu, ya bar Inna da goyo da kibiya. Jaririyar kuwa mai kuka ce ta gaske, irin kukan da ke sa mace ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta ce za ta dawo, ba kuma za ta dawo ba. Kitso hannu biyu yake ci, bai bar na rarrashi ba. Wata rana wata mai jiran layi ta ce, "Ke kuwa kina wahalar da kanki. Maganin murar nan na yara, rabin cokali, za ta yi barci har la'asar." Inna ta gwada sau ɗaya don ta ƙarasa kan da ke gabanta. Washegari ta sake, don kan da ya zo ya fi na jiya yawa.

Cokalin na roba ne, shuɗi, wanda ya zo a cikin kwalin maganin. Kwalabe suka yi ta ƙarewa ana sayo wasu, shi kuwa yana nan a kan taga, bayan gwangwanin mai. Da yarinyar ta yi wayo sai aka rage, amma ba a daina ba. Ranar da ta dawo daga makaranta an tsokane ta da marainiya, Inna tana tsakiyar aiki, ta ce, "Zo ki sha ki kwanta, in kin tashi ya wuce." Haka ranar da take tsoron jarrabawa, haka ranar da kyanwarta ta mutu. Sai da yarinyar ta kai shekara goma sha ɗaya cokalin ya ɓata a wata shara, Inna kuma ta manta da shi kamar yadda mutum ke manta abin da ba ya son tunawa.

'Yar Shiru ta girma ta auri wani mai gyaran firji, mutum mai kunya da haƙuri, ta haifi ɗa namiji. Yaron yana wata bakwai surukin ya zo da hantsi ya durƙusa a bakin baranda, da buhu a hannu. Bai iya magana ba, sai ya buɗe bakin buhun. Kwalaben maganin tari ne fal, irin wanda ake sha don maye, duk babu komai a ciki. A bayan tsofaffin firjin da ya jibge a tsakar gidansa ya tsinto su.

Inna ta yi abin da ta saba, ta nemi mai laifi. Akwai wata ƙawar 'yarta da ba ta taɓa kwanta mata ba, mai yawan dariya da jan baki. Har ƙofar gidansu Inna ta je ta wanke ta tas a gaban jama'a, ta ce ita ta lalata mata 'ya. Ƙawar tana kuka tana rantsuwa, Inna ba ta saurara ba. Laifi tudu ne, ta taka nata ta hango na wata.

Aka kwantar da 'Yar Shiru a wata cibiya da ke kula da masu shaye-shaye, jikan kuma ya dawo hannun Inna. Ranar ziyara ta farko, kafin a kai ta wurin 'yarta, wata malama mai gilashi ta roƙe ta minti kaɗan. Ta ce bincike suke yi, suna tambayar iyalai masu yawa don su gane abubuwan da ke tura mutum ga shan ƙwaya ko giya, ko a samu hanyar tarar abin da wuri. Ba a rubuta sunan kowa, kuma in Inna ba ta so, ba dole.

"Tambayi abinki, Malama," in ji Inna. "Ni ba ni da abin ɓoyewa."

Akwai mai shan giya a dangi? Babu. Ana dukanta tana ƙarama? Ko sau ɗaya. Ta taɓa rasa wani makusanci? Ubanta, amma ba ta ma san shi ba. Inna tana amsawa da ƙarfinta, har tana ƙara bayanin ƙawar nan mai jan baki. Sai malamar ta juya shafi.

"Mama, tana ƙarama, an taɓa ba ta maganin da ke sa barci ba tare da likita ya ce a ba ta ba?"

Inna ta ji kamar an tsaga mata kai da kibiya. Ta gyara goyon jikanta, wanda bai buƙaci gyara ba.

"A'a," ta ce.

Malamar ta yi 'yar alama da biro ta wuce tambaya ta gaba. Shi ke nan, ko ɗago kai ba ta yi ba. Da aka shigar da Inna wurin 'yarta, ta tarar da ita zaune a bakin gado, ta rame, gashinta a cukurkuɗe. Inna ta yi mata faɗan minti ashirin a kan zubar da mutuncin gida. 'Yar Shiru ta ce, "To, Inna. Ki yi haƙuri, Inna." Ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba.

Kwana tara wannan "a'a" ta yi tana bin Inna. Tana kitso sai ta ga layi ya karkace, abin da bai taɓa faruwa ba. Masu zuwa suka lura bakinta ya mutu, suka ɗauka kunyar abin da 'yarta ta yi ce. Ita kuwa ta san ba kunyar 'yarta take ji ba, tata take ji, kuma ta rasa wanda za ta gaya wa.

Rana ta goma jikan ya tashi da mura. Inna takan kira shi Mai Gida, tana tsokanarsa wai miji ne da ba ya cefane sai ci. Ranar kuwa Mai Gida ya ƙi wasa, ya ƙi goyo, ya ƙi tabarma, sai tsala kuka yake. A gabanta akwai wata ma'aikaciyar banki mai cikar gashi da ke duba agogo, biyu kuma suna jira. Inna ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta dai ga kanta tsaye a bakin taga, kwalbar maganin mura a hannun hagu, cokalin shayi a dama, ta riga ta zuba rabi. Ba don murar ta zuba ba, ta ba shi na murar tun da safe.

"Ba shi mana, Inna," in ji ɗaya daga cikin masu jiran. "Ai kowa na yi."

Inna ta ajiye kwalbar. Ta watsar da na cikin cokalin a magudana, ta ɗauki yaron ta rungume.

"Ku yi haƙuri, yau babu kitso."

"Haba Inna, da rabin kai zan koma ofis?"

"Ɗaura ɗankwali, 'yar nan. Ba a kanki aka fara ba."

Ta zauna a kan kujerarta tana jijjiga shi, ya yi kukansa kusan awa guda, sannan ta gano ashe haƙori ne ke fito masa. Awa guda kacal. Ta riƙa juya wannan a ranta, tana tuna sau nawa ta hana 'yarta awa guda.

Washegari ba ranar ziyara ba ce, amma ta je. Ta sami malama mai gilashi a ofishinta, ta ƙi zama.

"Malama, takardar nan taki. Akwai inda na yi miki ƙarya."

Ta faɗi komai a tsaye, tun daga rabin cokalin farko. Malamar ta nemo takardar, ta soke amsar, ta rubuta wata. Inna ta ce, "To gaya mini gaskiya, kada ki ji kunyata. Ni na sa mata wannan ciwo?"

Malamar ta cire gilashinta. "Mama, in na ce ke ce, na yi ƙarya, domin ban sani ba. In na ce babu ruwanki, nan ma ban sani ba. Abin ba ya zuwa ta ƙofa ɗaya, shi ya sa muke ta tambaya. Amma masu yi mata magani za su so su ji wannan, in kin yarda. Kuma akwai wadda ta fi mu haƙƙin ji."

Aka fito da 'Yar Shiru zuwa wani benci a inuwar bango. Inna, wadda ta shekara talatin tana magana a kan kawunan mutane, ta rasa ta inda za ta fara magana ido da ido. Ta dubi ƙasa ta ce, "Akwai abin da na yi miki kina ƙarama, ba ki sani ba. Wani cokali..."

"Shuɗi," in ji 'Yar Shiru. "Bakinsa ya ɗan tsage. A bayan gwangwanin mai yake zama."

Inna ta ɗago da sauri.

"Ni ma masu binciken sun tambaye ni, Inna. Na ce musu da shekara ashirin da biyu na fara, ni kaɗai, babu wanda ya taɓa ba ni komai. Ban so a rubuta ke ba." Ta dubi uwarta. "Ƙawata kuwa ita ce ta yi ta roƙona in daina. Ita ta gaya wa mijina inda zai duba."

Inna ta dafe bencin da hannu biyu. Ta zo ne da niyyar ɗaukar laifi ɗaya, ashe biyu ne, kuma yarinyar da ta yi wa faɗan zubar da mutunci ita ke rufa mata asiri tun tana shekara goma sha ɗaya. Nadama ta kama ta.

"Zan je gidansu," ta ce. "A ƙofar da na zage ta zan tsaya in ba ta haƙuri. Ke kuma ki yafe mini, in za ki iya."

"Ba na jin haushin cokalin, Inna. Na san aiki ne ya yi miki yawa. Kawai dai in na zo miki ina son yin kuka, ba ki taɓa tambayata me ya faru ba."

Hannuwan Inna suka ɗaga da kansu za su nufi gashin nan da ya cukurkuɗe, domin abin da suka iya ke nan. Ta mayar da su kan cinyarta. Ta matsa kusa, ta dubi 'yarta.

"Ranar da suka ce miki marainiya," ta ce, "me ya faru?"

'Yar Shiru ta buɗe baki za ta amsa, sai kuka ya riga maganar fitowa, mai ƙarfi, har wata ma'aikaciya ta leƙo da gudu. Inna ta ɗaga mata hannu.

"Ƙyale ta," ta ce. "Yau ba ni da kitso."