Ranar da Nababa Ya Ce Bai San Zulkifilu Ba

A Mpape, idan ka tambayi Zulkifilu Manniru, za ka sha rana har ƙeyarka ta dahu. Amma ka ce Nababa mai lodin tifa, ko akuyar layin za ta nuna maka ƙofarsa. Tun yana saurayi ya baro ƙauyensu a ƙasar Katsina, ya shigo Abuja daga shi sai shebur da buta. Ya fasa dutse, ya loda tsakuwa har bayansa ya ranƙwafa. Masu rusau sun baje masa ɗaki ba sau ɗaya ba, shi kuwa ya kwashi kwanon rufinsa ya ƙara hawa tudu. A nan ya haddace dokar unguwar: baƙo mai riga da tambari, riƙe da takarda, in ya tambayi mutum, ba a san shi ba. Ko ubanka yake nema, ba ka taɓa jin sunan ba.

Duk abin da Nababa ya tara a duniya bai wuce 'yarsa Kauthar ba. Ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya, aka ce ta kawo takardar shaidar ƙaramar hukumarsu, ta ainihi, kafin a rufe tantancewa ƙarshen wata. Ƙanensa Hanif, malamin firamare a gida, ya je ya karɓo. Nababa ya ce a ba direba a tasha, yadda kowa ke yi.

"Haba Yaya, direba ya haɗa ta da jarkar manja?" in ji Hanif a waya. "Gidan waya zan kai ta, da rajista. Hannu da hannu za a ba ka."

Ya rubuta cikakken sunan yayansa irin na katin zaɓe, ya ƙara da "bayan shagon Madam Rosemary".

Aka yi ta jira. Wata ya raba tsakiya, shiru. Nababa ya ajiye shebur, ya sa rigar Juma'a, ya hau mota zuwa gidan waya a cikin gari. Matar da ke zaune bayan kanta ta duba lambar da Hanif ya turo masa, ta ɗago kai.

"Baba, ai an kai. An ce ba a san mai sunan ba."

"Wane maƙiyin Allah ne ya ce?"

Ta ƙwala wa mai rabon saƙo kira. Ya fito da hular kwano a hannu, ya dubi Nababa sama da ƙasa.

"Oga, ai kai ne! Kana kan benci kana shan rake. Na ce ka san Zulkifilu Manniru? Ka ce tun da uwarka ta haife ka ba ka taɓa jin sa ba."

Nababa ya tuna. Ya tuna babur ɗin, da rigar mai tambari, da yadda Rosemary ta leƙo daga shago ta ce, "Babu wannan mutum a nan, tafi gaba." Har lemo ta ba shi kyauta bayan mutumin ya wuce, tana cewa, "Nababa, kai akwai wayo." Ya tsaya yana jiran kunya ko fushi su zo masa. Babu wanda ya zo. Sai ya lura fankar ofishin tana juyawa amma ba ta ba da iska.

Aka ce an mayar da saƙon ga wanda ya aiko. Can gida suka ce bai iso ba, nan suka ce ya tafi. Takarda ta zama 'yar hanya, ba ta Abuja, ba ta Katsina. Hanif ya koma neman wata, aka ce mai sa hannu ya tafi Umara. Kafin ya dawo da dabino da zamzam, an rufe tantancewa.

Ran nan Kauthar ta ninke farin yadin da ta saya don ɗinkin makaranta, ta tura shi ƙasan akwati.

"Baba, sai baɗi kuma," ta ce.

Ya ce to. Matarsa Muhibba ta ajiye masa tuwo, ta tsaya a kansa.

"Malam, ka ce wani abu mana."

"Miyar ta ji gishiri," in ji shi, ya ci gaba da ci.

Washegari ya roƙi ragowar fenti wajen wani mai walda. Ja aka samu. Ya rubuta ZULKIFILU MANNIRU a bangon ɗakinsa, kowane harafi kusan tsawon shebur. Mutanen layi suka hango jan fenti daga nesa, suka ɗauka alamar rusau ce. Rosemary har ta fara fitar da akwatunan lemo.

"Nababa, wa ya zo?"

"Ba kowa, Madam. Ni ne."

Yanzu in ya taso daga lodi, a ƙarƙashin rubutun yake zama. Kwanan baya wani mai riga da tambari ya shigo layin da takarda a hannu. Kowa ya sunkuyar da kai, mai shayi ya duƙufa goge kofin da ya riga ya bushe. Nababa ya miƙe tun mutumin bai buɗe baki ba.

"Ga ni nan," ya ce.

Ashe mitar wuta ya zo dubawa.