Kifin Farko a Kan Ƙanƙara

Shekarun baya, lokacin da unguwarmu ta Karantina a Jidda take nan da gidajenta da lungunanta, ni da abokina muna da wata al'ada. Duk safiyar Juma'a mukan ɗauki ƙugiya mu tafi bakin teku, kuma kifin da ya fara kamawa ba ya shiga tukunyar ɗayanmu. Na unguwa ne. A hanyar dawowa mukan yi shawarar gidan da ya fi buƙata a makon, mu miƙa shi can. A wurin dattawan da muka tarar muka gaji wannan. Yau idan ka bi ta wajen, fili ne fetal, ko inda lungunmu yake ba za ka iya nunawa ba.

Abokina ya bar Jidda tun kafin a yi wa unguwar rusau. Kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya rasu, iƙama, takardar izinin zama, ta ƙare, ga tsufa, sai babban ɗansa da yake aiki a Kanada ya ɗauke shi. Ya tafi a kan cewa na ɗan lokaci ne. Duk wayar da muka yi maganarsa ɗaya ce: in nema masa ɗaki kusa da mutanenmu, shi ya san yadda zai yi da takardu. Ya ji labarin rusau, ya ga hotuna, amma a ransa ya ɗauka kwashe unguwar aka yi aka sauke a wani wuri, kamar yadda ake sauya wa kasuwa mazauni. Na nema kuwa. Na zaga unguwannin Nuzla da Ruwais, na yi cigiya a masallatai, na kuma san amsar. Sai dai ba irin maganar da ake faɗa a waya ba ce. Da kasuwanci ya kai ni Kanada a tsakiyar sanyi, na ƙudurta zan faɗa masa baki da baki.

A gidan ɗansa ban samu sarari ba, ga jikoki ga 'yan zuwa gaisuwa. Washegari ya ce in shirya za mu kamun kifi. Na leƙa ta taga na ga duniya fari fat, na tambaye shi a wane ruwan. Ya ce a kansa ma za mu taka.

Ina ganin na san sanyi. Na kwana a hamada bayan Agadas, na ga dusar ƙanƙara a Turkiyya. Ashe duk wasa ne. Aka jibga mini wando a kan wando da wata riga da ta mai da ni buhun gero mai ƙafafu. Muka isa wani tafki da ya daskare, har motoci na gani a kansa. Ni da na yi shekaru ina shiga kwale-kwale a Bahar Maliya, sai ga ni ina jan ƙafa kamar mai koyon tafiya, ina karanto duk addu'ar da na sani. Ban yi nisa ba santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas.

"Alhaji, ka gama zaga duniya, tafki ɗaya ya kayar da kai," in ji shi. "Yalla, tashi, kifi ba ya jiran mai rawani."

Da wani dogon ƙarfe mai murɗi ya huda ƙanƙarar, rami mai faɗin faranti, baƙin ruwa ya taso. Ya soka ƙaramin kifi a ƙugiya ya zura, ya ɗora wani katako a bakin ramin mai ɗauke da 'yar tuta ja. Ya ce idan kifi ya ja zare, tutar za ta miƙe. A Jidda a yatsanka kake jin kifi. A nan zama kake yi a kan bokiti kana kallon tuta. Babu igiyar ruwa, babu tsuntsu, babu kiran salla daga ko'ina. Lokaci-lokaci ƙanƙarar takan yi wani gurnani a ƙarƙashinmu, shi ko juyawa ba ya yi.

Muna shan shayi ya fara maganar ɗakin. Ɗaki ɗaya ma ya ishe shi, in dai kusa da masallaci ne. Ɗansa ba ya rage shi da komai, amma a garin nan mutum sai ya shekara da maƙwabci, ɗaga hannu kawai ke haɗa su. Yana so ya mutu inda za a cika layi a jana'izarsa. Na buɗe baki na rufe ya fi sau nawa, ina ɗora laifin a kan sanyi.

Sai tutar ta miƙe. Tsohon nan ya zabura kamar saurayi, ya durƙusa, ya riƙa jan zaren da hannu, yana saki yana ja. Abin da ya fito ya kai tsawon hannuna: kore mai ɗigo-ɗigo, baki kamar na kada, haƙora kamar allurai. Masu Turanci suna ce masa paik, masu Faransanci buroshe, ni kuwa agam ɗinmu na Bahar Maliya ya tuna mini. Ya riƙe shi ta wuya yana haki, fuskarsa a sake irin yadda na san ta a da.

"Kifin farko, Alhaji. Na wa ne wannan makon?"

Cikin wasa ya faɗa, kuma bai jira ni ba. Ya ce na tsohuwar nan ne mai ƙosai a bakin lungu. Na ce masa ta tafi Damagaram wurin 'ya'yan ƙaninta da ba ta taɓa gani ba. Ya ce to ladaninmu. Na ce ya rasu a wani ɗakin haya can bayan gari, sai bayan an binne shi na ji. Sai ya ambaci telan da yake da yara da yawa. Na ce an kama shi babu iƙama, an mayar da shi Injamena. Ya ƙara ambaton gida biyu ko uku, muryarsa tana raguwa, ina ba shi amsa.

"To su wa suka rage?"

"Ni ne," na ce. "Ni ma a bene nake, ban san sunan maƙwabcina ba. Ba a kai unguwar ko'ina ba, ya akhi. Watsewa ta yi."

Kifin ya fara sandarewa a hannunsa. Na ce mu kai wa jikokinsa. Ya girgiza kai, ya ce na san na farko ba ya shiga tukunyarmu. Na ce to maƙwabta. Ya ce ya taɓa gwadawa, mutumin ya leƙo ta ƙofa a tsorace, ya yi godiya, ya ce ba sa buƙata.

Ya cire ƙugiyar a hankali. Ya zura kifin a ramin, yana riƙe da wutsiyarsa cikin ruwan da ke yanka hannu, har ya motsa ya sulale ƙasa.

"Halas, shi ke nan," ya ce.

Mun zauna har la'asar, muka yi salla a kan kwali, iska tana shiga har ƙashi. Tutar ba ta sake miƙewa ba. Kafin mu gama tattara kaya ramin ya fara rufewa.

Har yau nakan tambayi kaina ko da na bar shi da tunaninsa ya fi masa sauƙi. Ban sani ba. Na dai lura cewa mutum yana iya jure sanyin baƙuwar ƙasa muddin yana ganin akwai inda ake jiransa. Bayan nan mun ci gaba da waya har Allah ya karɓi ransa a can. Mukan yi hirar ciwon gwiwa da tsadar kaya da zafin Jidda. Amma tun daga ranar nan bai sake cewa in nema masa ɗaki ba.